Yaro Da Sandar Ƙwallon Lambu: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Gasar?

Jawabin da wani ɗan reshe, malamin wasanni da motsa jiki, ya gabatar a taron malamai da iyaye na reshenmu a Unguwar Dosa.



Na san da aka sanar cewa zan yi magana a kan ƙwallon lambu, wato golf, akwai waɗanda suka yi murmushi a zuci. Mutanen da ke fama da ajin da ya cika ya batse, da albashin da ba ya kai su ƙarshen wata, wa ya aike su da wasan masu hannu da shuni? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana nan kusa da mu. Filin ƙwallon lambu na Kaduna, can wajen Unguwar Rimi, bai fi 'yar gajeriyar tafiya a Keke Napep daga inda muke zaune ba. An kafa kulob ɗin a 1921, shekara huɗu bayan garin nan ya zama hedkwatar Arewa, wato ya girmi ƙungiyarmu ta malamai, wadda aka kafa a 1931, da shekara goma cif. Na Rayfield a Jos ma ya girme shi, tun 1913 yake. Wasan da ya shekara ɗari a bayan gidanka ya wuce a kira shi baƙo. Tun farkonsa kuma akwai mutum biyu a cikin filin: mai buga ƙwallo, da mai ɗaukar masa jakar sanduna, wanda a can suke kira kadi. Na biyun nan galibi ɗan talaka ne daga unguwannin da ke kewaye, kuma ta hanyar ɗaukar jaka ne da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan suka koyi bugu. Saboda haka idan wasan ya fara neman yara ƙanana domin gasa, kamar yadda yake yi yanzu a ko'ina cikin duniya, 'ya'yan ajinmu na cikin waɗanda zai nema.

Bari in ɗan bayyana wasan saboda waɗanda ba su taɓa leƙawa ba. Fili ne mai faɗi da ramuka goma sha takwas. Ana ɗora 'yar ƙwallo wadda nauyinta bai kai giram 46 ba, a buge ta da sanda har ta faɗa ramin da faɗinsa bai wuce santimita goma sha ɗaya ba, sa'an nan a wuce rami na gaba. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har goma sha huɗu, kuma zagaye ɗaya yakan ci wajen awa huɗu ana tafiya a ƙasa. Ku riƙe wannan awa huɗun, zan dawo gare ta.

Zan fara da alherin da ke ciki, domin yana da yawa, kuma ban zo nan don in kushe wasan ba.

A ƙwallon ƙafa akwai alƙalin wasa da usur a bakinsa, yara kuma sukan tashi da tunanin cewa laifin da alƙali bai gani ba ba laifi ba ne. A ƙwallon lambu mafi yawan lokaci babu mai tsaye a kanka. Kai za ka ƙirga bugunka, abokin karawarka ya rubuta maka a kati, ka duba ka sa hannu. Idan ka karya doka a inda ba wanda ya gani, kai ne za ka ɗaga murya ka ce a ƙara maka bugu na horo. A gasar US Open ta 1925, Bobby Jones ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa lokacin da yake shirin bugu. Jami'an gasar ba su gani ba, amma ya dage sai an rubuta masa bugu ɗaya na horo. A ƙarshe ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa, ya sha kaye. Da ya yi shiru, da lissafin ya ba shi kofin. A gasar Masters ta 1968 kuma, Roberto De Vicenzo, mutumin Ajantina wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara, ya sa hannu a katin da aka rubuta masa huɗu a rami na goma sha bakwai alhali uku ya buga. Doka ta ce abin da ka sa wa hannu shi ne naka, haka ya rasa damar karawa ta ƙarshe saboda bai duba takarda da kyau ba. Mu da muke kwana muna tashi da matsalar satar jarrabawa, muna kuma roƙon yara su sake duba takardarsu kafin su miƙa, mun san darajar wasan da ke koya wa ɗan shekara tara waɗannan halaye biyu ba tare da bulala ba.

Akwai kuma lissafi, domin yaro yana tarawa yana ɗebewa a kowane rami, yana kiyasin nisa da ƙarfin iska. Akwai haƙuri, saboda wanda ya fusata bayan mummunan bugu, na gaba ya fi muni. Akwai zama da manya: yaron da ya saba gaida babban mutum, ya yi shiru lokacin da wani ke bugu, ya gyara ƙasar da sandarsa ta tona domin na bayansa, ya samu tarbiyyar da ba ta cikin manhaja. Wani lokaci kuma wasan yakan buɗe ƙofar da ba a zata ba. A 1913 wani saurayi ɗan shekara ashirin mai suna Francis Ouimet, ɗan leburan da gidansu ke kallon filin wasan Brookline a Amurka, wanda ya tashi yana ɗaukar jaka a filin, ya doke manyan ƙwararrun Ingila ya ci US Open. Wanda ya ɗaukar masa jaka a ranar yaro ne ɗan shekara goma. Seve Ballesteros na Sifaniya ma da ɗaukar jaka ya fara a ƙauyensu Pedreña. Mu ma muna da abin nunawa: Georgia Oboh, wadda aka haifa a Ingila a 2001, ta wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta matasa a Buenos Aires a 2018. Na ambace ta da gangan saboda iyaye mata da ke nan, kada a ɗauka maganar ta 'ya'ya maza ce kaɗai.

To, ina matsalar take?

Matsalar tana farawa ne daga ranar da wasa ya koma gasa, gasa kuma ta koma jari. A Amurka ana yin gasar duniya ta yara a Pinehurst kowace shekara, inda 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu ke karawa, iyaye na ɗauke da jaka a bayansu. Hoton da kowane uba ke gani a ransa shi ne na Tiger Woods, wanda aka nuna a talabijin yana bugu yana ɗan shekara biyu a 1978, ya ci gasar yara ta duniya a San Diego yana ɗan shekara takwas, ya ci Masters a 1997 yana da ashirin da ɗaya. Ko na Rory McIlroy na Ireland ta Arewa, wanda mahaifinsa ya haɗa ayyuka da yawa, mahaifiyarsa kuma ta yi aikin dare a masana'anta, domin su biya kuɗin kai shi gasa. Ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha shida, kuma a 2025 ya cika cin dukkan manyan gasa huɗu na duniya. Labarai ne masu daɗi, gaskiya ne kuma. Illarsu ita ce su kaɗai ake bayarwa. Iyayen da suka yi irin wannan sadaukarwa 'ya'yansu ba su kai ko'ina ba, babu ɗan jaridar da ya je gidansu.

Akwai wani yaro mai suna Ty Tryon. A ƙarshen 2001, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya samu izinin buga babbar gasar ƙwararru ta Amurka, kamfanoni suka yi masa caa da kwangiloli, jaridu suka ce ga magajin Tiger. Rashin lafiya ya kwantar da shi a 2002, bayan kakar 2003 ya rasa gurbinsa, bai kuma sake kama wannan matsayi ba. Ku kwatanta shi da Michelle Wie, wadda ta shiga gasar manya ta ƙasa tana da shekara goma, ta ci irin wannan gasa tana da goma sha uku, ta zama ƙwararriya a 2005 kafin ta cika goma sha shida. Ta sha fama da ciwon wuyan hannu shekara da shekaru, duniya kuma ta yi ta yi mata gorin cewa ba ta cika alkawarin ƙuruciyarta ba, duk da ta ci US Open ta mata a 2014. Amma a tsakiyar wannan hayaniya ta tsaya ta yi karatu a Jami'ar Stanford ta gama a 2012. Da hannun ya gaza, ta ajiye sanda tana da abin riƙewa. Shi kansa Tiger, an yi masa tiyata sau da yawa a gwiwa da gadon baya, har da wadda aka haɗe masa ƙasusuwan baya a 2017. Jikin da aka fara murɗawa tun yana shekara biyu ya zo karɓar bashinsa.

Dalilin wannan a fili yake ga duk wanda ya karanta ilimin jikin ɗan Adam. Ƙashin yaro yana da wurare masu taushi a ƙarshensa, inda tsawo ke fitowa, ba su kuma ƙarasa ƙwari sai bayan balaga. Bugun ƙwallon lambu murɗa jiki ne zuwa gefe ɗaya, da ƙarfi, sau ɗaruruwa a rana idan ana horon gasa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da shawara a 2016 cewa a jinkirta tsare yaro a kan wasa guda har ya kai wajen shekara goma sha biyar ko sha shida, kafin nan a bar shi ya taɓa wasanni iri-iri. Kakanninmu ba su karanta wannan rahoto ba, amma yaron da ya tashi yana langa da kokawa da tsere da iyo a rafi ya samu abin da likitocin ke nema. Ku ƙara da namu yanayin: awa huɗun nan da na ce ku riƙe, ku ɗora ta a kan ɗan shekara takwas a ranar watan Maris ko Afrilu a Kaduna, ko cikin ƙurar hunturu ga yaro mai asma.

Ciwon jiki ma yana da sauƙi, domin ana ganinsa. Wanda ya fi damuna shi ne na zuci, kuma a nan ƙwallon lambu ya fi sauran wasanni tsanani. Idan ƙungiyar makaranta ta sha kaye a ƙwallon ƙafa, mutum goma sha ɗaya ne za su raba baƙin cikin, kafin a iso gida ma an fara dariya. A ƙwallon lambu yaro shi kaɗai ne. Sunansa ne a allo, lambar bugunsa na gefen sunan, kowa na karantawa. Ba shi da mai tsaron gida da zai ɗora wa laifi. Ɗan shekara bakwai ko takwas bai iya raba "na yi mummunan bugu" da "ni ba ni da amfani" ba, sai in wani babba ya raba masa. Idan kuwa babban da ke bayansa, uba ne ko mai horarwa, ya ɗaure fuska tun daga rami na uku, ya yi shiru a mota har gida, to yaron ya koyi cewa ƙaunar da ake yi masa tana hawa tana sauka da lambar da ke kan kati. Mun san irin wannan yaro a aji, ko da bai taɓa riƙe sanda ba. Shi ne wanda ke kuka idan ya zo na biyu, wanda ke goge amsa har takarda ta huje.

Sai dai a nan Unguwar Dosa, da Badarawa da Kawo da Malali, nauyin yakan zo ta wata fuska dabam, kuma a kanta nake so mu fi tsayawa. Ɗan mai kuɗi yana ɗauke da burin ubansa. Ɗan talaka yana ɗauke da tukunyar gidansu. A ce yaro ɗan aji biyar ya fara bin yayansa fili ranar Asabar, ya ɗauki jaka, a sallame shi da abin da ya fi cinikin da mahaifiyarsa ke yi a yini. Ya dawo gida a yi murna, kuma wa zai ga laifin gidan da ke cikin wannan tsadar rayuwa? Sannu a hankali wani ɗan wasa mai kirki ya lura yaron yana da hannu, ya ba shi tsohuwar sanda, ya biya masa kuɗin shiga gasar yara. Ya ci kofi. Daga nan Asabar ta haifi Juma'a, Juma'a ta haifi Alhamis, gasa ta gaba kuma a Abuja take ko Jos ko Legas, a tsakiyar zangon karatu. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar cire shi daga makaranta. Rajista ce kawai za ta nuna, idan akwai mai dubawa. Yanzu kuma duk lokacin da ya tsaya a kan ƙwallo, ya san idan ya kuskure, mai ɗaukar nauyinsa na iya juyawa ga wani yaron, kuɗin cefane kuma su tsaya. Wannan kaya ya fi jakar sanduna nauyi, babba ma yana jin jiki da shi balle ɗan shekara goma sha ɗaya.

Kuma ko da komai ya tafi daidai, masu cin abinci da gasa kaɗai a ƙasar nan 'yan kaɗan ne ƙwarai. Wanda bai ci ba, ya kai shekara ashirin da biyar ba takardar sakandare ba sana'a, yana nan dai yana ɗaukar jakar wani.

Akwai wuri ɗaya da hannunmu ke shiga kai tsaye, kuma dole in faɗe shi ko da zai yi ɗaci. Gasar yara bisa shekaru ake raba ta, rage shekaru kuwa tsohuwar cuta ce a wasannin ƙasar nan. Da yawanmu mun tuna gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Ahmadu Bello a nan Kaduna. A wannan gasar ce hukumar FIFA ta shigo da na'urar ɗaukar hoton wuyan hannu domin tantance shekaru. Kafin a kai ga na'ura, takarda ake fara nema, takardar kuma sau da yawa daga makaranta take fitowa. Za a zo wa shugaban makaranta ko malamin aji da fara'a, a ce taimakon yaro ne, a rage masa shekara biyu kawai. Malam, Malama, idan kun sa hannu kun cuci ƙaramin yaron da za a kara da shi, kun kuma koya wa naku cewa wasan da aka gina a kan faɗin gaskiya a kati ana shiga shi da ƙarya tun daga ƙofa. Ina roƙon reshe ya tsaya bayan duk ɗan ƙungiyar da ya ƙi irin wannan buƙata, domin masu kawo ta wani lokaci manya ne, malami shi kaɗai kuma yana iya jin tsoro.

Wani zai ce, to a hana yaran zuwa kawai. Ban yarda ba, kuma ko mun yarda ba za mu iya ba. Yaron da aka hana fili ba aji zai koma ba, tasha zai tafi. Abin da nake ganin ya fi shi ne mu sa makaranta ta zama sharaɗin wasan. An daɗe da yin haka a wani wuri. Chick Evans, wani ɗan wasa na Chicago da ya tashi yana ɗaukar jaka, ya ci US Open a 1916, kuma kuɗin da suka biyo bayan nasarar aka zuba a wani asusu da ya fara tura masu ɗaukar jaka jami'a a 1930. Asusun na nan har yau, kuma yaro ba ya samu sai ya nuna sakamakon karatu mai kyau da hali nagari tare da shaidar aikinsa a fili. Ba mu da irin kuɗinsu, amma dabarar ba ta kuɗi ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta kyauta, don haka ba alfarma za mu nema ba.

Shawarata ga shugabannin reshe ita ce a naɗa mutum uku ko huɗu, cikinsu har da uwa ɗaya daga cikin iyaye, su nemi zama da shugabannin kulob ɗin cikin girmamawa. Membobinsa da yawa tsofaffin ɗalibanmu ne, wasu kuma iyayen ɗalibanmu, ina kyautata zaton za su saurara. A roƙe su abu mai sauƙi: duk yaron da bai gama ƙaramar sakandare ba, kada ya ɗauki jaka ko ya yi horo a lokacin darasi, kuma duk wanda za a ɗauki nauyinsa zuwa gasa ya kawo katin sakamakonsa da shaidar halartar aji kowane zango. Mai son taimaka wa yaro ya fara da kuɗin littafi da rigar makaranta kafin sabuwar sanda. Idan gasa ta faɗo cikin zango, mu ma mu yi namu: a ba yaron aikin da zai tafi da shi, a zauna da shi idan ya dawo. Ga ƙananan kuwa, 'yan ƙasa da shekara goma, ramuka tara sun isa, da safe kafin rana ta take, da ruwan sha a hannu, kuma ba kowane mako ba.

Iyayena, ku kuma naku ya fi na kowa wuya. Idan kuɗin da yaro ke kawowa daga fili sun shiga lissafin cefane, ku yi ƙoƙari ku fitar da su a hankali, ko da rabi ne a ajiye masa domin kuɗin jarrabawa. Na san faɗin haka ya fi yin sa sauƙi. Idan ya dawo daga gasa, a fara ba shi ruwa da abinci, a tambaye shi wa ya haɗu da shi, me ya gani a hanya. Maganar bugu nawa ya yi, shi da kansa zai kawo ta idan ya huta. Ranar da ya ce ya gaji da wasan, a bar shi ya ajiye sanda wata ɗaya ko biyu ba tare da gori ba.

Mu malaman aji kuma, mu buɗe rajista mu duba sunayen da ke yawan ɓacewa ranakun Alhamis da Juma'a. Wasu fili suke zuwa, wasu kasuwa, wasu gareji. Duk wanda ya samu irin wannan suna a ajinsa, ya kawo wa sakataren reshe kafin taronmu na gaba, domin kwamitin ya san yara nawa yake magana a kansu idan ya je zaman.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo.